Bargon Ƙarƙashin Gadon Lilo: Inci Nawa Za a Yanka?

Ɗana, ka tambaye ni ko bargon nan da ake ratayawa a ƙarƙashin gadon lilo za ka yanka shi daidai tsayin mai shi ne, ko kuwa gajeren da ka gani a hotuna ya isa, tunda ya fi araha kuma ya fi sauƙin ɗauka. Ajiye almakashin tukuna. Tsayin mutum tambaya ce ta biyu. Abin da za ka fara tambayar mai aikin shi ne irin sanyin da zai kwana a ciki.

Duk abin da mutum ya kwanta a kai a cikin lilo, bargo ne ko jakar barci, nauyin jikinsa matse shi yake yi ya zama kamar takarda, kuma ɗumi yana cikin iskar da ke maƙale a kumburin bargon ne. Ga iska kuma tana ta wucewa ta ƙasa tana kwashe zafin baya. Shi ya sa da zarar dare ya sauko ƙasa da digiri 20 a ma'aunin Salshiyos, mai kwana a lilo yakan ji mazaunansa da gadon bayansa sun yi ƙalau, alhali ƙirjinsa na gumi. Masu yawon tsaunuka na Amurka sai suka mayar da bargon waje, a rataye shi ƙasan lilon inda babu abin da zai danne shi. To ka riƙe wannan: duk inda bargon ya ƙare, daga nan sanyi yake farawa, kuma mai kwanciya zai iya nuna maka layin da yatsa.

Cikakken bargo yana kaiwa inci 72 zuwa 78, daga ƙeya har dunduniya. Na kashi uku cikin huɗu yana tsakanin inci 52 da 60, daga saman kafaɗa zuwa sha-raɓa. Akwai wani mafi gajarta, inci 40 zuwa 48, wanda daga kafaɗa zuwa cinya kawai yake rufewa. Wannan na ƙarshe na gwanaye ne masu auna kowane giram na jakarsu, kada ka ɗinka wa kowa shi sai wanda ya zo da awonsa a rubuce.

Gajeren yana aiki ne don kai yana kan matashi ko rigar sanyi da aka naɗe, ƙafafu kuma ana sa musu guntun soso. Soson nan dole ya zama irin mai tauri wanda ba ya shan ruwa, kaurin kwata na inci, kamar inci 16 a 20, kuma a cikin aljihun ƙafa na bargon rufa ake cusa shi, ba a shimfiɗe a kan lilon ba. In an shimfiɗa shi haka kawai, kafin tsakar dare ya zame ya koma ƙarƙashin gwiwa, dunduniya ta rage a kan yadi tsirara. Ko da an sa shi daidai, akwai matsalar gaɓa: tsakanin inda bargon ya ƙare da inda soson ya fara. Idan ba su hau juna da inci uku zuwa huɗu ba, sha-raɓa ce za ta sha sanyi. Mutum ya juya sau biyu cikin barci, gaɓar ta buɗe.

Yanzu mu yi lissafin arahar da kake magana. Lallausan gashin agwagwa ko dinya da ake ɗura wa bargon, mai lamba 800, giram 28 ɗinsa yana cika inci 800 na murabba'in ciki, wato tsawo sau faɗi sau kauri. Don sanyin da ya kai wajen digiri sifili kana buƙatar kumburin inci 2. Ɗauki faɗin inci 44. Gajere mai inci 52: 52 sau 44 sau 2 ya ba ka 4,576, ka raba da 800, ka ninka da 28, ka sami giram 160. Ƙara kashi 20 cikin ɗari don kada gashin ya riƙa gudu gefe guda ya bar fili, ya zama kusan giram 192. Cikakke mai inci 76 da wannan lissafi zai ci kusan giram 280. Bambancin gashi giram 90 ke nan a ƙiyasi, ga ƙarin yadin ciki da na waje kamar giram 50. Jimla giram 140. Amma mai gajere sai ya ɗauki soson ƙafa, wanda shi ma yana da nasa giram 50 ko kusa da haka. Ka ga ribar nauyin da ake ta kururutawa ba ta cika giram 100 ba. Inda gajeren ya yi nasara da gaske shi ne wuri a cikin jaka da kuma kuɗin gashi, don gashin nan shi ne mafi tsada a duk aikin.

Saboda haka hukuncina shi ne: in daren zai taɓa sifili ko ya wuce ƙasa, cikakke za ka ɗinka, babu ciniki. Haka in mai aikin bai taɓa kwana a lilo ba, ko ya ce maka ƙafafunsa na saurin yin sanyi, ko mai yawan juyi ne. Gajere na wanda zai kwana a digiri 5 zuwa sama ne, kamar daren hunturu a tsaunukan Jos ko Mambila, kuma ya riga ya san yadda yake kwanciya. Mai kwanciyar gefe yana tanƙwashe ƙafa yakan shige cikin inci 56 gaba ɗayansa, sai dai shi faɗi yake buƙata, don gwiwa da mazaunai suna tokare gefe biyu. Ba shi inci 48 maimakon 44.

Awo kuma kada ka yi shi mutum yana tsaye jikin bango. Ɗaura lilon yadda za a kwana a kansa, igiyoyin su sauko da kwanar digiri 30, ya shiga ya kwanta a ɗan karkace, kai gefe ɗaya ƙafa ɗaya gefen, don haka ake kwana a lilo mai tattararren baki in ana son baya ya miƙe. Kai kuma ka durƙusa ƙasa da alli. Za ka ga tudun kafaɗa, da na mazaunai, da na dunduniya sun fito a jikin yadin. Sa alama inci uku sama da kafaɗa, wata a tsakiyar sha-raɓa, wata inci biyu bayan dunduniya, wata a ƙeya. Sai ka bi da tef a kan lanƙwasar yadin yana ciki, ba a miƙe ta iska ba. Daga alamar kafaɗa zuwa ta sha-raɓa shi ne gajerenka, daga ƙeya zuwa bayan dunduniya shi ne cikakkenka. Ga mai tsayin inci 69, cikakken yakan faɗo tsakanin 72 da 74.

Kada kuma ka ce bari in ƙara masa inci goma kyauta don ya ji daɗi. Lilo mai tsawon ƙafa 11 yana tsukewa ne yana tafiya zuwa bakinsa. Bargon da ya wuce jikin mutum sosai yana kaiwa inda yadin ya zama siriri, sai bakinsa ya rasa abin da zai kama, ya yi hangame kamar bututu, iskar dare ta bi ta nan ta gangaro har gadon baya. Bargo mai inci 84 a ƙarƙashin gajeren mutum ya fi mai inci 72 sanyi, ga ƙarin nauyi a banza.

Awon da ka samu na gamammen aiki ne, ba na yanka ba. Kowane baki yana cin inci ɗaya da rabi zuwa biyu na ƙubaka inda robar tsukewa za ta bi. In an ɗura gashi ya kumbura, tsawon yakan ja baya da inci ɗaya ko biyu, faɗin ma ya fi haka in ɗakunan gashin, wato dogayen aljihunan da ake ɗinkawa a ɗura gashin ciki, a tsaye suke bin tsawo. Sannan yadin waje dole ya fi na ciki girma, don shi ne ke zagayowa ta nesa. Ga kumburin inci 2, ƙara masa kamar inci 6 a faɗi, 3 zuwa 4 a tsawo, ka cinye rarar da ƙananan tattara a gefuna. In ka yanka su daidai da juna, ranar da aka ja robar rataya na wajen zai matse gashin a daidai mazaunai, wurin da aka fi buƙatarsa, ka yi aikin cikakken bargo amma mai shi ya kwana yana rawar ɗari. Idan auduga ta roba mai zuwa a shimfiɗe kamar Climashield Apex kake amfani da ita, babu ruwanka da ɗakuna, gefuna kawai ake kamawa, kuma ba ta ja da baya sosai. Mai nauyin giram 170 a murabba'in mita tana riƙe mutum har kusan sifili, sai dai tana cin wuri a jaka, don haka da ita ne gajartawa ta fi ma'ana. Audugar rimi da muke cika matashi da ita kuwa bar ta a matashi. Tana dunƙulewa, zarenta yana karyewa in ana yawan matse ta a jaka, kuma nauyinta zai janyo bargon ƙasa ya rabu da lilon.

Rabuwar nan ita ce ke jawo yawancin ƙorafin da ake ɗora wa tsawo. Mutum zai dawo ya ce bargon ya yi masa gajere, ka duba ka tarar rataya ce ba ta yi ba. Robar gefe mai kaurin milimita 3 tana bin ƙubakar tsawo ta kowane gefe ta fita zuwa bakin lilon. Ja ta har sai bargon ya ɗaga lilon sama lokacin da babu kowa a ciki. In mutum ya shiga, ya manne masa kamar zanin goyo. Gajeren bargo yana da halin zamewa a kan robar ya taru tsakiya, don haka sa masa ƙananan robobi huɗu a kusurwoyi masu maƙalli, su riƙe shi a miƙe. Robar baki kuma kaɗan ake tsuke ta. Sababbi suna zuge ta har ƙarshe suna ganin sun toshe iska, alhali bakin ya tattare ya zama kwaruruka, ya kuma janye bargon daga ƙarƙashin gwiwa.

Kafin ka miƙa aiki, sa mai shi ya kwanta, ka zura hannu tsakanin bargon da lilon a wurare uku: ƙarƙashin kafaɗa, ƙarƙashin mazaunai, da bayan gwiwa. Hannunka ya shiga da ɗan matsi, yadi na taɓa shi sama da ƙasa. In ka ji fili a ƙarƙashin mazaunai, ƙara jan robar gefe. In filin a bayan gwiwa yake, sassauta ta baki, ka ɗan ɗaga kusurwar da ke ɓangaren ƙafa. Sannan ka shafa yadin waje: in ya yi tauri kamar ganga a daidai mazaunai, ka ja da yawa, sassauta inci biyu ka sake gwadawa. A gajeren bargo ka ɗinka ɗan ƙyalle mai launi a bakin da ke wajen kai, don cikin duhu mutum ya lalubo shi ya tabbatar yana sama da kafaɗarsa kafin ya rufe ido.