Sauti yana ƙas-ƙas a kwamfutata idan ina haɗa kiɗa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa kiɗa da FL Studio a kwamfutar tebur mai Windows. Da zarar kayan kiɗan sun yi yawa, sai sauti ya riƙa ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa. Na canja sifika, na canja waya, bai daina ba. Ko kwamfutar ce ta gaji?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yi saurin kashe kuɗi. Fara fitar da waƙar a matsayin MP3, ka saurara a wayar hannu. In ta fito tas, to galibi matsalar daga bafa (buffer) take.

Bafa tamkar ƙaramar randa ce: kwamfuta na zuba sauti a ciki, katin sauti yana ɗiba ba tsayawa. In randar ta yi ƙanƙanta, kwamfuta kuma aiki ya sha mata kai, sai katin ya zo ɗiba ya tarar wayam. Wannan giɓin ne kunnenka ke ji. Duba lissafin: idan katin yana shan samfur (wato ƙananan gutsattsarin sauti) 48,000 a daƙiƙa, bafa mai ɗaukar samfur 128 ba ta ba kwamfuta ko milisakan 3 ba (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya) kafin a sake neman ƙari. Mai 1024 kuwa tana ba ta kusan milisakan 21, ta samu ta numfasa.

A cikin FL Studio, shiga Options, sai Audio settings. Zaɓi direban ASIO na katinka (direba ita ce ƙaramar manhajar da ke haɗa katin da kwamfuta), in babu ka ɗauki FL Studio ASIO. Ɗaga bafa zuwa 512, in bai isa ba 1024. A shafin akwai ma'aunin da ke ƙirga sau nawa randar ta ƙafe. Kunna waƙar ka zuba masa ido har lambar ta daina hawa.

Sai dai babbar bafa tana jawo jinkiri. Mawaƙi zai ji muryarsa a kunne ta makara, ya rikice. Shi ya sa ni nake saukowa 128 ko 256 lokacin ɗaukar murya, in kashe kayan adon sauti (effects) masu nauyi, sannan in koma 1024 wajen tacewa.

In har yanzu yana yi, tabbatar Windows da manhajar suna kan lamba ɗaya ta samfur a daƙiƙa, ko 44,100 ko 48,000. Mayar da tsarin wuta na Windows (Power plan) zuwa High performance, ka kashe Wi-Fi ka sake gwadawa, don direbansa kan riƙe kwamfuta a daidai lokacin da sauti ke jira.