Ina Wembley Lions ta shiga?

Malam, ka yi tambaya kan ƙungiyar tseren babur ta Wembley Lions, ko tana nan har yanzu. Ba ta nan, ta daɗe da rushewa.

An kafa ta a 1929 a tsohon filin wasa na Wembley da ke Landan, ƙarƙashin Arthur Elvin, shugaban filin. Irin tseren nan ne na babur marar birki, mai giya ɗaya, mahaya huɗu su zagaya da'irar ƙasa sau huɗu, suna zamewa a kwana. Ɗan wasanta Lionel Van Praag, mutumin Ostireliya, shi ya fara cin kambun duniya a 1936, a filin nasu.

Amma ganiyarta bayan Yaƙin Duniya na Biyu ce. Daga 1946 zuwa 1953 sau bakwai ta ɗauki kofin lig, 1948 kaɗai ta rasa, shekarar da gasar Olamfik ta kore ta daga filinta na wani lokaci. Cikin 'yan wasanta, Tommy Price ya zama zakaran duniya a 1949, Freddie Williams kuma a 1950 da 1953. A ganina babu ƙungiyar da ta kama ƙafarta a zamanin nan.

Daga baya 'yan kallo suka ragu, talabijin ya shiga gidaje. Elvin na rasuwa a farkon 1957, aka rufe ƙungiyar. An farfaɗo da ita a 1970, har da tsohon zakaran duniya Ove Fundin na Siwidin cikin 'yan wasanta, amma ƙarshen 1971 ta sake tsayawa, don filin bai iya ba ta ranakun wasa tsayayyu ba.