Muryar da Baba Ɗanjuma ya turo kan canza katakon bindigar iska

Assalamu alaikum jama'ar gida. To Habu, na ji muryarka tun da safe, ina cikin cunkoson Agege ne shi ya sa sai yanzu. Ka ce katakon bindigar iskar da kake korar ɓeraye da ita a gonar kaji a Ikorodu ya tsage, ka samo wani, kana son ka canza da kanka. Ana iyawa, ba wani aiki ba ne. Amma saurara ƙanina.

Kafin ka ɗauki sukundireba, ka tabbata ba a ɗane take ba, kuma babu dalma, wato ɗan harsashinta, a ciki. Kar ka ce ai jiya na cire. Karya ta ka leƙa ta baya, ka ga haske ya fito ta baki. Irin taka mai sifirin ce, wadda ake karyawa a ɗana. In ka tarar a ɗane take, kar ka harba ta wofi, harbin wofi yana lalata irin waɗannan. Sa dalma ka harba cikin bokitin yashi, shi ke nan. Wallahi mutane suna raina ta don ba ta ƙara kamar ta mafarauta, alhali 'yar dalmar nan, ko ta milimita 4.5 ko ta 5.5, tana fasa ido, tana shiga jiki.

Yawanci sukuru biyu ne a gaba, hagu da dama, sai ɗaya ko biyu a wajen ƙarfen da ya kewaye kunama. Su kaɗai za ka taɓa. Kowanne ka cire, ajiye shi daban don ka san raminsa, saboda tsayinsu ba ɗaya ba ne. Ka sa dogo inda gajere yake, sai ya je ya tokare kunama daga ciki, ba ka sani ba.

Yauwa, ga inda nake so ka buɗe kunne. A wasu bindigogin, ƙananan ƙusoshin da ke riƙe da kunama ba abin da ya tare su sai jikin katakon. Kana zare katako, ka karkatar da ita, sai ɗaya ta sulale. Ni ya taɓa faruwa da ni a shago, na ji kil a siminti, ga shi an ɗauke wuta. Da tocilan waya na yi ta rarrafe har na gano ta a ƙarƙashin buhun albasa. Da ban ji faɗuwarta ba fa? Da na mayar da katako haka nan, in zo in ɗana, kunama ta saki, bakin ya dawo da ƙarfi ya datse min yatsa. Don haka shimfiɗa farin zane a tebur, kuma muddin tana tsirara babu katako, kar ka ɗana ta. Shi kuwa babban sifirin da ke ciki, ko ba a ɗana ba a matse yake, sai da na'urar matsewa ake buɗe wajen. Ba ruwanka da can.

Masu irin ta tulun iska, na san akwai mutum biyu a nan, ku naku ya fi haɗari. Matsin iskar da ke ciki yana kai 200 a ma'aunin da ake kira bar, tayar mota kuwa ba ta wuce biyu da ɗan wani abu. Ku fitar da iskar tukuna, kuma kar ku kwance komai a jikin tulun ko agogonsa.

Sabon katakon kuma, Habu, in bai zauna ba kar ka danna shi da ƙarfi ko ka ɗaure sukuru kamar kana ɗaure tayar tirela. Damshin Legas yana kumbura katako, musamman da damina. Kai wa kafinta ya ɗan goge inda ya matse, katakon kawai za ka kai masa, ba bindigar ba. Tunda ka buɗe, shafa wa ƙarfen ɗan mai ta waje saboda tsatsa, amma kar mai ya shiga inda iska ke matsewa, yana kamawa da wuta.

In ka gama, fita fili, juya bakin ga yashi, ɗana, riƙe bakin da hannu ɗaya lokacin sa dalma. Sa makullin da ke hana ta tashi ka ja kunama, bai kamata ta tashi ba. Cire makullin, ka ɗan bubbugi gindin da tafin hannu. In ta tashi da kanta, ajiye ta, akwai matsala. Saitin ma zai gusa, sai ka sake shi.

Af, na kusa mantawa. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda. Kar ka ɗauko ta a danfo ka ce za ka kawo min in duba. Turo min hoton wajen kunamar kawai bayan ka cire katakon.