Muryar wani na shiga makirufon wani wajen naɗar podkas (shirin murya na intanet)

Ka ce ku huɗu ne, kowa da makirufonsa, amma muryar kowa na kutsawa cikin na ɗan'uwansa, sautin ya fito kamar daga cikin rijiya. Malam, kafin ka sayi komai, fara gyara tazara. Kowa ya matso da bakinsa kusa da makirufo, kamar faɗin yatsu huɗu, sannan ka rage ƙarfin ɗaukar sautin. Duk lokacin da nisa ya ninka, sauti na raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), don haka muryar na kusa za ta danne ta na nesa sosai. Akwai kuma ƙa'idar 3 zuwa 1: idan bakin mutum na santimita 10 daga makirufonsa, makirufon na gefensa ya kai aƙalla santimita 30 daga nasa. Ni na fi son a wuce hakan ma, in teburin ya ba da dama.

Irin makirufon na da tasiri. Na dainamik (irin wanda mawaƙa ke riƙewa a hannu) mai ɗauka ta gaba, wato kadiyod, ya fi kondensa (irin mai saurin kama ƙaramin sauti) dacewa da zaman taro, domin kondensa har numfashin na gefe yake kwasowa. Ku zauna yadda bayan kowane makirufo zai fuskanci wani mai magana, don ta nan ne ya fi kurumcewa.

A kashe lasifika, kowa ya sa hedifon mai rufe kunne. Labule da kafet za su rage amsa-kuwwa.

Kuma don Allah ka naɗi kowace murya a layinta daban, wato kowane makirufo da nasa naɗin. Wajen gyara a Audacity, manhajar gyaran sauti, sai ka rufe layin wanda ba ya magana.