Sanatocin Jihar Virginia Ba Na Washington Ba Ne

Malam, ka tambaya ko zaɓen sanatocin Virginia na 2027 na majalisar tarayyar Amurka ne. A'a, na jiha ne, kuma a Richmond, babban birnin jihar, suke zama. Abin da ya rikita ka, mu a Najeriya majalisar jiha ɗaya tal muka sani. Can kuwa kowace jiha biyu gare ta, in ban da Nebraska.

Kujerun majalisar dattawan Virginia 40 ne, wa'adin shekara huɗu, duka za a fafata a kansu ranar 2 ga Nuwamba 2027. A 2023 Dimokurat ta samu 21, Rifablikan 19. Ka ga kujera guda na iya juya lissafi, don in ƙuri'u suka yi kunnen doki, mataimakin gwamna ke raba gardama.