Me Ke Cikin Zukatan Guy da Geneviève a Haɗuwarsu ta Gidan Mai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da yayata mun kalli tsohon fim ɗin nan na Faransa, Les Parapluies de Cherbourg, wanda ake rera kowace magana a cikinsa, sai muka saɓa a kan ƙarshensa. Ita ta ce Guy da Geneviève har gobe suna son juna, dauriya kawai suke yi. Ni kuwa gani na yi kamar ya tsane ta, tun da har ya ƙi ganin 'yar da ya haifa. Don Allah me ke cikin zuciyar kowannensu a wannan haɗuwa? Daga wata mai karatu a Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ke da yayar taki kowace ta kama wani ɓangare na gaskiya, sai dai ina ganin inda kuka yi tuntuɓe shi ne neman amsa guda ɗaya ga mutum biyu. A fahimtata, waɗannan bayin Allah ba abu ɗaya suke ji ba a wannan dare, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne abin da Jacques Demy, wanda ya rubuta fim ɗin ya kuma ba da umarni, ya gina ƙarshen a kansa. Fim ɗin ya fito a 1964, Michel Legrand ya tsara kiɗansa, kuma a shekarar ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes.

Labarin ya fara ne a garin Cherbourg na ƙasar Faransa a watan Nuwamba na 1957. Guy bakanike ne ɗan shekara ashirin, Geneviève kuma yarinya ce da ke taya mahaifiyarta sayar da laima a shagonsu. Aka kira shi aikin soja na shekara biyu a yaƙin Aljeriya, ya tafi ya bar ta da ciki. Wasiƙunsa suka yi ƙaranci, bashi ya taso wa shagon, uwa ta matsa, sai ta auri Roland Cassard, attajirin dillalin lu'ulu'u wanda ya yarda ya riƙe abin da za ta haifa a matsayin nasa. Guy ya dawo a 1959 da rauni a ƙafa, ya tarar an sayar da shagon, babu ita babu labarinta. Ya lalace na wani lokaci, ya bar aiki, ya faɗa shaye-shaye, har gwaggonsa da ta rene shi ta rasu. Madeleine, wadda ta yi jinyar tsohuwar, ita ta tsamo shi, ya aure ta, ya sayi gidan mai da gadon da aka bar masa. Haɗuwar da kike tambaya a kai ta zo a watan Disamba na 1963, lokacin da Geneviève ta tsaya shan mai a wannan gidan mai, shekara shida bayan rabuwarsu a tashar jirgin ƙasa.

Kafin a shiga zukatansu, akwai abin da ya kamata mu da muka tashi da finafinan Indiya da na Kannywood mu kiyaye. A can, idan so ya fi ƙarfin magana sai a ɓarke da waƙa, don haka mun saba da cewa waƙa ita ce wurin da zuciya take tona kanta. A wannan fim kuwa komai waƙa ne, har tambayar da yaron gidan mai ya yi wa Geneviève ta wane irin mai za a zuba mata. Tun da haka ne, rera magana ba ya nuna cewa daga zuciya ta fito. Dole mai kallo ya koma ga wasu shaidu: abin da mutum ya zaɓi ya tambaya, abin da ya kauce wa, inda idonsa ya sauka, da kuma abin da kiɗan da ke bayansu yake faɗa wanda bakinsu bai faɗa ba.

Mu fara da Geneviève, domin nata ya fi fitowa fili ga wanda ya san ƙasar Faransa. Ta ce ta je ɗauko yarinyar ne daga wurin surukarta a yankin Anjou, tana kan hanyar komawa Paris sai ta ɗan ratse ta biyo ta Cherbourg, kuma ba ta zaci za ta gan shi ba. Wanda ya duba taswira zai ga cewa wannan ya wuce ratse. Anjou tana kudu maso yammacin Paris, Cherbourg kuwa tana can ƙuryar arewa maso yamma a bakin teku, fiye da kilomita 300 daga Paris, ta yadda biyowa ta nan ya ninka mata tafiyar, ga dare, ga dusar ƙanƙara, ga ƙaramar yarinya a mota. Na yarda ba ta san cewa gidan man nasa ne ba, domin mamakin da ya bayyana a fuskarta na gaske ne. Amma garin kam da niyya ta zo shi, kuma da bakinta ta ce wannan ne karo na farko da ta taka shi tun da ta yi aure. Ta kuma faɗi dalilin ba tare da ta kira shi dalili ba, lokacin da Guy ya lura tana cikin baƙaƙen kaya ta ce mahaifiyarta ta rasu a kakar da ta wuce. Wadda ta tura ta wannan aure ta kau, kuma da ita aka binne mutum na ƙarshe da ya san ta tana yarinya a wannan gari. Abin da ya kawo ta, a ganina, shi ne neman wanda zai shaida cewa wancan zamani ya taɓa faruwa.

Ki lura da yadda take magana a cikin ɗan ofishin gidan man. Ita ce take ta buɗe ƙofar magana. Ta yaba bishiyar Kirsimeti ta tambaye shi ko shi ya ƙawata ta, ta ce yarinyar ta ɗauko shi sosai, ta tambaye shi ko yana son ganin ta, daga ƙarshe har ta kai bakin ƙofa ta sake juyowa ta tambaye shi ko yana lafiya. Mace mai mota Marsandi da rigar gashi mai tsada ba ta rasa abin duniya ba, kuma fim ɗin bai taɓa nuna cewa mijinta ya wulaƙanta ta ba. Abin da take roƙo ƙarami ne kuma mai nauyi: ya nuna mata ko da da ido ne cewa bai riƙe ta a zuciya ba. Akwai sauran so a ciki, kamar yadda yayarki ta ce, amma ya cakuɗe da nauyin laifi, har da wuya ita kanta ta iya raba su. Kar a manta cewa tun tana ɗauke da cikin ta taɓa kokawa cewa fuskar Guy tana ɓace mata, hotonsa kawai take gani idan ta tuna shi, tana mamakin yadda ta ce za ta mutu idan babu shi amma ga ta da rai. Tun a lokacin abin da ya fi firgita ta shi ne gano cewa son da ta ɗauka ba ya ƙarewa yana iya dusashewa.

Guy kuwa duk ƙofar da ta buɗe sai ya rufe ta a hankali. Da ta yi maganar bishiya, sai ya ce matarsa ce ta ƙawata ta, kuma saboda ɗansu aka yi, wato ya sanar da ita yana da iyali ba tare da ta tambaya ba. Da ta ce ko yana son ganin yarinyar, sai ya ƙi, ya ce yana ganin za ta iya tafiya, tun da an gama zuba mai. Nan ne kika ga ƙiyayya, kuma na fahimci dalilinki, amma shaidun ba su tafi can ba. Shi ne ya ce ta shigo ciki ta fake wa sanyi, alhali yana iya barin yaron gidan mai ya sallame ta. Shi ne ya lura da makokinta. Shi ne ya fara tambayar sunan yarinyar. Da ta ce Françoise, mai kallo ya riga ya san cewa sunan ɗansa François, kuma ya tuna daren da suke yawo a gari suna samari, ita tana cewa idan ta haifi mace haka za ta sa mata, shi kuma yana mafarkin farin gidan mai. Kowannensu ya cika rabin wancan alkawari a gidan wani dabam. Mutumin da ya raɗa wa ɗansa wannan suna bai manta ba, kuma ba haka mai ƙiyayya yake yi ba.

To me ya hana shi ya leƙa motar? Bahaushe zai iya ɗauka cewa irin alkunyar ɗan fari ce, amma wannan al'ada tamu ce, babu ita a wurinsu. Dalilin yana cikin kashi na uku na fim ɗin. Mun ga yadda ya rushe da ya dawo daga Aljeriya, mun kuma ga Madeleine ta tsare shi kafin ta amince da aurensa, ta tambaye shi ko har yanzu Geneviève tana ransa, domin ba ta son ta zama abin rage baƙin ciki. Ya ba ta tabbaci, kuma a wannan dare ne aka gwada tabbacin, a daidai lokacin da Madeleine ta fita da ɗansu na ɗan lokaci. Ya san idan ya kalli fuskar yarinyar nan ya ga kamanninsa a ciki, ba zai iya komawa kamar bai gani ba, ga shi kuma ba shi da abin da zai ba ta, tun da tana da uban da ya riƙe ta tun tana ciki. Ƙin nasa tsoro ne na mutumin da ya san inda rauninsa yake. Duk da haka ba zan wanke shi fes ba, domin akwai ɗaci a yadda ya sallame ta, kuma ya ga abin da take roƙo sarai ya hana ta. Wadda ta fi kowa asara ita ce yarinyar da ke wasa da dusar ƙanƙara a tagar mota, taku kaɗan daga mahaifinta, ba ta sani ba. Wannan wuri yana ci mini rai duk lokacin da na kalle shi.

Da ya amsa mata cewa yana lafiya ƙalau, na ɗauki maganar a matsayin gaskiya, kuma kyamara ce hujjata. Ba ta bi motar Geneviève ba. Ta tsaya a gidan mai har Madeleine da yaron suka dawo, Guy ya tare su da murna, ya sumbaci matarsa, ya shiga wasa da ɗansa a cikin dusar ƙanƙara. A lokacin babu wanda yake kallon sa balle a ce yana yi ne don a gani. Da Demy yana son mu ɗauka cewa zuciyar Guy ta bi motar, da ya bar mu da shi shi kaɗai yana kallon titi.

Saura abin da ya sa yayarki ta tabbata suna son juna, kuma ina kyautata zaton kiɗan ne. Sautin da ya cika wurin shi ne wanda suka rera a ranar rabuwa, lokacin da take cewa ba za ta iya rayuwa babu shi ba. A 1957 da bakinsu suka rera shi. A 1963 kuwa makaɗa ne suke ɗauke da shi, su biyun suna maganar mai da bishiya a kansa, kuma ya fi ƙarfi ne bayan ta tafi, a kan hoton iyalin da ke cikin farin ciki. Saboda haka baƙin cikin da ke cikin kiɗan namu ne mu masu kallo, da muka san su suna yara muka kuma ji alkawuran da suka ɗauka. Idan za ku sake kallo, ku rage sautin gaba ɗaya a wannan wuri, ku bi idanunsu kawai, ku ƙirga sau nawa ita ta neme shi da ido da sau nawa shi ya kau da kai, sannan ku mayar da sautin ku gwada abin da kuka ji da abin da kuka gani.