Ta ina zan fara kai maganar ƙanjamau rugage?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙauye a Jigawa, akwai rugagen Fulani kewaye da mu amma matansu ko awo ba sa zuwa balle gwajin ƙanjamau, na raba fosta ba wanda ya kula. Don Allah ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya saka miki da alheri. Fostar nan ki ajiye ta tukuna, wanda bai yi boko ba kuma Fulatanci yake ji me zai yi da takarda? Ki fara zuwa gaida Arɗo da limaminsu, in suka amince to rugar ta amince. Sai ki nemo mace cikinsu mai jin Hausa da Fulatanci, masu tallan nono sun fi dacewa don kullum suna tsakanin ruga da gari.

Kar ki haɗa maza da mata zama ɗaya, kuma ba amaryar da za ta buɗe baki gaban surukarta, kin san kunyar Fulani. Ki shigo ta maganar lafiyar jariri, ki nuna musu mai ciki in an gano tana da cutar ta riƙe magani da kyau akasari jaririn lafiya lau yake fitowa, kuma maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ki gaya musu sauro baya yaɗa ta, cin abinci kwano ɗaya ma haka.

Wanzamai da ungozomomi fa kar ki manta da su, wallahi nan ne ake sakaci, aska ɗaya a yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga ko cire beli, ki zauna da su cikin girmamawa ki roƙe su sabuwar reza ga kowane yaro.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a Najeriya, na karkara kuma su ne gwaji ya fi yi wa nisa. Ki je ofishin yaƙi da ƙanjamau na ƙaramar hukumarku ki nemi kayan gwaji, ki tambaya ko za a ba masu tafiya kiwo da rani maganin wata uku ko shida lokaci ɗaya. Sakamakon mutum kuwa tsakaninki da shi ne kawai, dokar 2014 ta hana tsangwamar masu cutar, in labarin mutum ɗaya ya fita a ruga ba wanda zai sake miƙo miki hannu.